Faifan gem na hannu a Circle, da abin da muke yi wa masu fasaha a gida

Ba sai na gaya wa mutumin Kano yadda ciniki yake ƙarewa a kasuwannin wayarmu ba. Ka biya, an saka maka a leda, ka ƙetare bakin ƙofa, to daga nan kai da rabonka. Wasu har a bango suke rubutawa, ba a dawo da kaya. Da wannan tarbiyyar na zo Akra, kuma da ita nake shiga kowace kasuwa a nan, hannuna a kan aljihu, bakina a shirye da rigima.

Circle ita ce kasuwar waya da kayan lantarki ta garin nan, a gindin gadojin Kwame Nkrumah, musamman layin da ake kira Tip Toe Lane. Wurin yana da gajiyarwa. Tun kafin ka sauka daga trotro, ƙaramar bas ɗin haya ta nan, samari sun kewaye ka, wannan ya ja maka hannun riga, wancan ya cusa maka waya a fuska, ga lasifikar masu wa'azi, ga ta masu tallan magani, ga warin kwata idan an yi ruwa. Da zarar sun ga hula da doguwar riga sun yanke cewa kai Alhaji ne ɗan Najeriya mai kuɗi, farashi ya tashi tun ba ka buɗe baki ba. Ba na son zuwa wurin. Abin da ya kai ni, ɗana ne ya kai izu talatin a makarantarsu ta nan unguwar Nima, kuma na yi masa alkawarin faifan gem na ƙwallo saboda PlayStation 4 ɗin da ke gida, ita ma 'yar hannu ce.

Sabon faifai ya fi ƙarfina, ban ɓoye wa kowa ba. Tun daga 2020 manyan kamfanoni suka ɗaga kuɗin sabon gem zuwa dala 70, kafin a ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa, sannan a juya shi zuwa sidi, kuɗin Gana. Na hannu na je nema. Wani maƙwabcina ya kwatanta mini wani ƙaramin shago can ciki, na wani yaro ɗan unguwar Mamobi, wanda kakansa ya zo daga Sakkwato fataucin goro. Yaron ya gaishe ni da Hausa, ya ba ni kujera, ya ɗauko faifan ya ɗaga shi a ƙarƙashin fitila ya nuna mini bayansa, ya goge shi, ya saka a na'urarsa har hoton gem ɗin ya fito. Ya karɓi kuɗinsa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya rubuta mini rasit da sunan gem da kwanan wata. Ya ce, "Alhaji, ka je ka gwada a gida. In ya ba ka matsala cikin mako ɗaya ka dawo mini da shi." Na amsa da to, amma a raina na ɗauke ta irin maganar da ake yi don a sallami mutum.

Faifan kuwa ya ba da matsala. Ya fara shiga na'ura, ya yi nisa, sai ya tsaya cak. Muka cire, muka goge, muka mayar, nan dai yake tsayawa. Ɗan nawa bai ce komai ba, ya dai zauna yana kallon talabijin ɗin da hannunsa a haɓa, kuma duk uba ya san abin da wannan shirun yake yi wa zuciya.

Na koma Circle da faifan a aljihu, ina tsara abin da zan faɗa tun daga tashar Nima. Na san amsoshin da ke jirana don na sha jin su a gida: ai lafiya lau ka ɗauke shi, ai na'urarka ce, ai yaranka ne suka karce shi, ai a gabanka aka gwada. Na shirya wa kowacce martani. Na shiga shagon na ajiye faifan da rasit a kan kanta, ban gama sallama ba ya ce, "Subhanallahi, Alhaji, ya ƙi ne?" Ya saka shi a na'urarsa, ya ce in yi haƙuri in zauna, don wannan karon sai ya ga ƙarshensa. Muka zauna muna kallo har ya kai wurin da yake tsayawa, ya tsaya. Ya cire shi, ya ɗauki alƙalami ya ja masa layi a fuska, ya jefa shi cikin wani kwali a ƙasan kanta inda na hango irinsa da yawa. Ba shi da wani kwafin gem ɗin a shagon. Sai ya aiki yaronsa shagon maƙwabci ya sayo, kuma na ga da idona abin da ya biya ya ɗara abin da ni na ba shi. Ya gwada wannan ɗin tun daga farko har ƙarshe, ya sake rubuta rasit, ya ba ni haƙuri a kan kuɗin motar da na kashe. Na ce masa, "Ɗana, ai ka yi asara." Ya ce, "Alhaji, ni na sayar maka da abu mai aibi. Ɗanka kuma zai gama wannan ya so wani, ina so ka tuna da ƙofar nan."

Na rasa abin cewa. Abin da yaron nan ya yi, mu muka karanta shi a zaure tun muna yara. Yana nan a babin ciniki na Risala, wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Hadisin da ke cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, babu ɗan kasuwar Kano da bai haddace shi ba. Muna da karatun, muna da masallaci a kowane layin kasuwa, ana rufe shaguna a tafi jam'i, amma sai da na ƙetare ƙasashe uku kafin wani ya karɓi kayan lantarki daga hannuna ba tare da ya rantse mini cewa ni na lalata ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda canjin ya yi mini daɗi. Kuma kada wani ya ce mini ai Gana ce, mutanenta daban ne. A bakin titin Circle ɗin nan ana sayar wa baƙo waya a kwali ya je gida ya tarar da gangar jiki babu komai a ciki. Masu gidajen haya suna karɓar kuɗin shekara biyu a dunƙule duk da dokar ƙasar ta ce kada a wuce wata shida. Akwai macuta a nan kamar ko'ina. Abin da na gani shi ne mai shago da ya fahimci cewa kayan hannu ba su da garantin kamfani, amanarsa ce kaɗai garantinsu.

Ana cikin jiran faifan na biyu ne na yi tambayar da ta daɗe tana damuna. A shagon akwai wani saurayi zaune a lungu da kwamfuta a cinya, abokin mai shagon, ɗan Madina Zongo, wanda ya yi karatun kwamfuta a jami'ar Kumasi. Mai shagon ya ce mini shi ma gem yake haɗawa, na waya. Sai na juya wajensa na ce, "Malam, kai da ka san wahalar abin, gaya mini gaskiya. Wannan faifan da na saya, ko kwabo bai shiga aljihun waɗanda suka yi shi ba. Ban zalunce su ba?"

Ya rufe kwamfutar. Ya ce, "Baba, faifan nan wani ya saye shi sabo a Ingila ko Amurka, an biya masu shi. Da ya sayar, shi ya daina bugawa, ɗanka ya fara. Faifai ɗaya ne, mai shi ɗaya ne a kowane lokaci. Ni da a ce abin da ake yi wa nawa ke nan, da na gode wa Allah. Nawa mutum ɗaya ne yake saukewa, ya cire masa talla, ya tura wa unguwa guda."

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma na gamsu da ita. Wanda ya sayi mota 'yar Kwatano ba ya aika wa Toyota kamasho, kuma babu wanda ya taɓa ce masa ɓarawo. Dokokin ƙasashen da ake yin gem ɗin ma a kan haka suke. Tun 1908 kotun ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar littattafai, cewa mai haƙƙin mallaka ba shi da iko a kan kwafin da ya riga ya sayar. A Japan, gidan Sony da Nintendo, kamfanonin gem sun kai masu sayar da na hannu ƙara, aka yi ta shari'a har kotun ƙoli, a 2002 ta ce cinikin halal ne a doka.

Kamfanonin ba su haƙura ba, kuma ba zan ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Ƙorafinsu ya fi ƙarfi a kan manyan shaguna irin GameStop na Amurka, inda gem zai fito yau, mako mai zuwa ka ga na hannunsa a jere kusa da sabo da ragin 'yan daloli kaɗan, ma'aikacin shago kuma yana tura ka wajen na hannun don ribarsa duk ta shago ce. A nan kam mai kuɗin sayen sabo ne aka karkatar, kuma asara ce ta gaske ga wanda ya shekara uku ko huɗu yana aikin. Shi ya sa a 2010 kamfanin EA ya ƙirƙiro wata lamba da ake amfani da ita sau ɗaya, wanda ya sayi na hannu sai ya ƙara dala 10 kafin ya buga da mutane ta intanet. Mutane suka ƙi jinin abin, a 2013 aka janye shi. A 2013 ɗin dai Microsoft ya sanar cewa sabuwar na'urarsa Xbox One za ta riƙa neman intanet duk awa 24, kuma za a taƙaita sayar da faifai da ba da aronsa. Sony ya fitar da wani ɗan bidiyo da bai kai rabin minti ba, wani shugabansu ya miƙa wa wani faifai hannu da hannu, wai ga yadda ake aron gem a PlayStation 4. Kafin watan Yuni ya ƙare Microsoft ya janye tsarin gaba ɗaya.

To amma wannan rigimar masu kuɗi ce a ƙasashen masu kuɗi. Uban da ke Nima ko Kurna ba yana tsaye tsakanin sabo da na hannu yana zaɓa ba ne. Ko na hannu, ko babu. Kamfani bai rasa cinikina ba don tun asali ba shi da shi. Wanda kuma ya sayar da faifan can a Landan, sau da yawa kuɗin yake haɗawa ya sayi sabon da ya fito, don haka kasuwar hannu tana taimaka wa kasuwar sabo ta bayan gida. A shagon yaron nan ma haka ake yi, ka kawo wanda ka gama, a yi musaya ka yi ciko. Ban da haka, kuɗin manyan kamfanonin yanzu ba a faifai yake ba. EA ya bayyana cewa a shekarar kuɗinsa ta 2021 ya samu fiye da dala biliyan 1.6 daga Ultimate Team kaɗai, wato 'yan wasan da ake saya a cikin gem bayan an riga an mallake shi. Kuma lokacin da aka yi ta korar ma'aikata, Microsoft ya sallami 1,900 a Janairun 2024, Sony ya sallami 900 wata guda bayan nan, an yi hakan ne a zamanin da mafi yawan gem ta intanet ake sayensu, ba faifai balle na hannu. Duk wanda ya ce mini ɗan shagon Circle ne ya raba waɗannan mutane da aikinsu, ba zan yarda ba.

Inda nake so mu tsaya mu dubi kanmu shi ne turi. A gida mun haɗa su a kwando ɗaya, muna cewa ai duk na hannu ne, duk araha ake nema. Ba ɗaya ba ne. A yi wa na'ura kutse, a kai ta shago a loda mata gem talatin daga kwamfutar da ta loda wa na'urori ɗari kafin taka, wannan babu wanda ya sayar, babu wanda ya rabu da nasa. Gidajen gem ɗinmu kusan duk a kan haka suke tafiya tun zamanin PlayStation 2 da faifan kwafi, kuma mai gidan yana karɓar kuɗin yara kowane wasa daga la'asar har dare. Yana cin riba da guminsu bai taɓa tunanin akwai haƙƙi a ciki ba. Idan ka yi magana sai a ce ai na Turawa ne, ai sun fi mu kuɗi. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwaiti a 1988 ta ce haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi, kuma ba ta ware na wanda ya fi ka kuɗi ba.

Hannun da ya saba kuma ba ya tambayar na wane ne. Mun ga abin da ya faru da fina-finanmu. Akwai lokacin da fim zai fito ranar Litinin, 'yan kasuwa su yi layi a Ƙofar Wambai, a ɗora kwalaye a mota zuwa Jos da Maraɗi da Yamai har nan Akra, don a Nima ma ana sayar da su. Daga baya masu turi suka cika kowace kwana da kwamfuta da benci, fim ɗin da aka kashe miliyoyi a kansa a tura maka a waya da kuɗin da bai kai na kofin shayi ba. Kasuwar faifai ta mutu murus, masu shiryawa da yawa suka karye, waɗanda suka rage suka koma YouTube suna jiran kuɗin talla. Waɗannan ba Turawa ba ne. 'Yan unguwarmu ne, mun san iyayensu.

Saurayin nan mai kwamfuta ya nuna mini gem ɗinsa a waya, wasan dara ne da ya yi wa ado da zane irin na zanen gida, kuma da Hausa ake iya buga shi. Wallahi da na ji muryar cikin wayar ta yi magana sai da na tuna dandalin ƙofar gidanmu bayan isha'i, dattawa a kan tabarma, mai shayi yana fifita wuta, sanyin hunturu yana saukowa. Nan babu hunturun kirki, iska ce mai ɗanshi daga teku shekara da shekara, furar Nima kuma duk ƙoƙarinsu ba ta kama ƙafar ta gida ba. Na tambaye shi me yake samu. Ya yi murmushi ya ce abin da yake ci da shi aikin haɗa wa kamfanoni manhaja ne, gem ɗin da dare yake yi. Ya ce a Gana aƙalla akwai waɗanda suka share hanya. Kamfanin gem na Leti Arts yana nan Akra tun 2009, Eyram Tawia ɗan Gana da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa shi, suna ɗaukar jaruman tatsuniyoyin Afirka irin su Ananse, wanda shi ne Gizonmu, suna mayar da su gem. A Legas akwai Maliyo tun 2012. To mu a Arewa, da yawanmu da tatsuniyoyinmu da dambe da sharo da hawan daba, wa zai zuba shekarunsa a irin wannan aikin alhali ya san ranar da ya fitar, washegari yana kan bencin mai turi? Muna ƙorafin yaranmu suna tashi da al'adun wasu a waya, kuma mu ne ba ma iya cire naira ɗari biyar mu ba wanda ya yi mana namu.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su kansu manyan kamfanonin ba su ɗauke mu masu saye ba. Ka je buɗe asusun PlayStation, a jerin ƙasashe babu Gana, babu Najeriya, babu Nijar. Afirka ta Kudu ce kawai a wannan ɓangaren na nahiyar. Mai son ya biya halal ɗinsa sai ya rubuta adireshin Amurka ko Ingila da bai taɓa takawa ba, ya nemi katin kuɗi na dala ko fam a hannun ɗan kasuwa da ƙarin riba a kai, sannan ya sauke gem mai nauyin gigabait hamsin ko fiye da datar da kowa ya san tsadarta, yana addu'ar kada a ɗauke wuta a tsakiya. Faifan hannu shi ne hanya ɗaya tilo mai tsafta da ta rage wa talaka, kuma ita ake toshewa a hankali. PlayStation 5 ta fito a 2020 da nau'in da ba shi da wurin saka faifai. Wadda ta biyo baya a 2024, PlayStation 5 Pro, a kan dala 700 ta fito, kuma wurin faifan daban ake sayensa. Gem ɗin da ka saya ta intanet ba ka iya sayar da shi, ba ka iya ba ƙaninka, ba ka iya musaya da shi. Wanda ke da faifan ma bai tsira ba: kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe gem ɗin tseren mota The Crew a ƙarshen Maris 2024, duk wanda ya saya da kuɗinsa, da faifai ko babu, ya wayi gari ba ya buɗewa.

Mai shagon ya ce mini faifan da ke zuwa a kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Tema suna raguwa, na sababbin gem kuma sai an yi da gaske ake samunsu. Rabin kantarsa yanzu katunan kuɗi ne da gyaran na'ura. Shagon da ke kallon nasa ya daina faifai gaba ɗaya, ya ajiye kwamfuta da benci, yana lodawa, kuma ranar da na je layin da ke ƙofarsa ya kai bakin titi.